Zambo da Habaici a Gida Ɗaya: Nazarin Littafin Rebecca Traister Kan Zaɓen Fid da Gwani na Amurka

1. Gabatarwa

A cikin shekarar 2010 aka buga wani littafi a ƙasar Amurka mai suna Big Girls Don't Cry, watau dai mace in ta girma ba ta kuka. Wadda ta wallafa shi ita ce Rebecca Traister, wadda a lokacin ta ke aikin jarida a mujallar Salon ta intanet. Littafin yana ba da labarin zaɓen shugaban ƙasa na 2008, amma inda ya fi daɗewa shi ne takarar fid da gwani ta jam'iyyar Dimokurat, wadda Hillary Clinton da Barack Obama suka yi wata biyar suna gwabzawa a cikinta. A ƙarƙashin sunan littafin an ƙara wani layi mai ɗauke da babbar da'awa, cewa wannan zaɓe ne ya sake wa matan Amurka kome da kome.

Tun daga wancan lokaci jam'iyyar ta sake yin irin wannan takara sau biyu da mace a sahun gaba, a 2016 da 2020. Saboda haka yanzu akwai ma'aunin da babu shi ran da littafin ya fito. Abin da wannan takarda ta ke nufin nunawa shi ne, abin da Traister ta gani da idonta ya tabbata, abin da ta yi fata kuwa bai tabbata ba, kuma dalilin duka biyun ɗaya ne. Rainin da ya fi damunta raini ne na 'yan gida ɗaya, wanda galibi ya kan zo da siffar habaici. Shi kuwa habaici ba a kama shi a karo ɗaya, ba a kuma kawar da shi da zaɓe ɗaya.

2. Gidan da a ke faɗan

Kafin a shiga littafin ya kamata a san gidan da a ke faɗan a cikinsa. A Amurka, kafin jam'iyya ta tsai da ɗan takararta na shugaban ƙasa, sai an bi jiha-jiha ana jefa ƙuri'a tsakanin 'ya'yan jam'iyyar da magoya bayanta, daga farkon shekara zuwa watan Yuni. Kowace jiha tana da adadin wakilanta, a jam'iyyar Dimokurat a kan raba su gwargwadon ƙuri'un da kowa ya samu, sa'an nan wakilan su hallara a babban taro su tabbatar da wanda ya yi rinjaye. Masu wannan takara kome zafin da ta yi, tilas ne a watan Nuwamba su koma inuwa ɗaya su fuskanci 'yan Rifablikan. Sashen jam'iyyar da a ke magana a kansa a nan kuwa shi ne na masu ra'ayin sauyi, waɗanda su ke alfahari da cewa su ne masu tsaya wa talaka da baƙar fata da mata. Mutumin da ya ɗauki kansa haka ba ya yarda a ce ya raina mace don tana mace. Ko a zuciyarsa ma ba ya yarda.

Masu nazarin adabin Hausa sun daɗe da rarrabe zambo da habaici. Zambo shi ne a muzanta mutum a fili, a siffanta shi yadda kowa zai gane, kamar yadda makaɗan fada su ke yi wa abokin hamayyar ubangidansu. Habaici kuwa magana ce mai fuska biyu: ko dai ba a nuna wanda a ke nufi ba, ko kuwa an nuna shi amma an lulluɓe cizon da zance mai daɗi, ta yadda in ya tanka sai a ce masa wanda ya tsargu da shi a ke. Abin lura shi ne inda kowannensu ya ke tsiro. Zambo na tsakanin gida da gida ne. Habaici na waɗanda su ke zaune a tsakar gida ɗaya ne, ba dama su rabu, ba dama kuma su yi faɗa a fili. Shi ya sa a kan jingina shi ga kishiyoyi da facaloli. Ba da waɗannan kalmomi Traister ta yi aiki ba, amma bambancin da su ke nunawa shi ne ƙashin bayan littafinta.

3. Kwana biyar na Janairu

Babin da ya fi kowanne ƙarfi a littafin shi ne wanda ya bi kwanaki biyar ɗin da ke tsakanin zaɓen jihar Iowa da na jihar New Hampshire. Ran 3 ga Janairu 2008 Obama ya ci Iowa, John Edwards ya zo na biyu, Clinton ta uku, ita da aka yi shekara guda ana cewa takarar tata ce. Ran 5 ga wata aka yi muhawara a talabijin, mai tambaya ya ce mata me za ta gaya wa masu ganin Obama ya fi ta shiga rai. Ta amsa cikin raha cewa maganar ta sosa mata rai. Obama, kansa a sunkuye yana rubutu, ya ce mata ai ana sonta daidai gwargwado. Ran 7 ga wata, a wani gidan shan shayi a garin Portsmouth, wata mata ta tambaye ta yaya ta ke jure wahalar yaƙin zaɓe, sai muryarta ta raunana, idanunta suka ciko. Da aka nemi bakin Edwards sai ya ce shugaban ƙasa yana bukatar ƙarfi da dakiya. A ranar dai, a garin Salem, wasu samari biyu suka miƙe a taronta suna ihu, wai ta goge musu riga. Ran 8 ga wata ta ci zaɓen da kashi 39 cikin 100, Obama yana da wajen 36, alhali masu ƙididdigar ra'ayi sun ce shi zai ci. Mata ne suka juya al'amarin: a Iowa yawancin rinjayensu na Obama ne, a New Hampshire kuwa kashi 46 suka bi ta, 34 suka bi shi.

Gwanintar Traister a nan ita ce ta jera waɗannan abubuwa bi da bi har mai karatu ya ga da kansa ba iri ɗaya ba ne. Ihun samarin Salem zambo ne tsagwaronsa, kuma shi ne mafi sauƙi. Nan take Clinton ta mayar da shi abin dariya, ta ce ga sauran rainin mata nan da ransa. Haka kuma wani daga cikin sauran zambon wannan shekara ya sami mai shi, mai shi kuwa ya biya. Chris Matthews na tashar MSNBC, da ya ce abin da ya sa ta zama 'yar majalisar dattawa shi ne neman matan da mijinta ya yi, bayan mako guda ya ba da haƙuri a gaban masu kallo. David Shuster na tashar dai an dakatar da shi a watan Fabrairu saboda wata ƙazamar kalma da ya faɗa kan 'yarta Chelsea. Samantha Power, mai ba Obama shawara, ta kira ta dodo, ta ajiye aiki a watan Maris.

Maganar Obama da ta Edwards fa? Babu zagi a cikinsu ko na kalma ɗaya. Ta farko a zahirinta ma yabo ce, kuma daga baya mai ita ya ce ba abin da aka fahimta ya nufa ba; mai yiwuwa kuwa gaskiya ya faɗa. Ta biyu magana ce da a ke iya faɗa a kan kowa. Amma mata da yawa sun ji cizon, domin sun saba jin irinsa a wurin aiki da a gida. Traister ta fahimci cewa wannan iri ne ya fi ciwo, tun da ya ke babu wanda za a kai ƙara, kuma wadda ta yi kuka da shi ita za a ce ta cika ƙorafi. Sunan littafin kansa daga nan ya samo nauyinsa.

4. Ƙiyayyar da ta wuce dalilinta

Abin da ya ba shaidar Traister daraja shi ne ita ba 'yar Clinton ba ce tun farko. Edwards ta ke so, domin manufofinsa sun fi kusa da ra'ayinta, kuma tana da ƙorafe-ƙorafenta a kan Clinton, musamman ƙuri'ar da ta jefa a watan Oktoba 2002 ta ba shugaba Bush izinin yaƙar Iraƙi. Sannu a hankali ta koma bayanta, kuma ba wa'azin magoya bayan Clinton ne ya jawo ta ba kamar yadda halin abokanta maza ya tura ta. Wannan tsari na labarin mai sauya sheƙa dabara ce mai amfani, gama mai karatu ya fi gaskata shaidar wanda ya zo da shakka.

A watan Afrilu 2008 ta rubuta wata maƙala a Salon kan samarin da ke goyon bayan Obama, wadda ta zama tushen wani sashe na littafin. Ta zanta da 'yan mata masu ilmi, da yawansu su ma 'yan Obama ne, suka gaya mata cewa yadda abokansu maza su ke ƙin Clinton yana tayar musu da hankali. In an tambayi samarin sai su kawo dalilai na gaske: yaƙin Iraƙi, kusancinta da manyan masu kuɗi, tsoron kada mulki ya zama gadon gida biyu. Amma zafin muryar da jin daɗin faɗuwarta sun wuce girman dalilan. 'Yan matan kuwa sun kasa nuna jimla ɗaya su ce ga laifin. Ga abin mamaki a nan ga mai nazarin Hausa: habaici, wanda a ke cewa sana'ar mata ce, ga shi a bakin maza masu ilmi, matan kuwa su ne suka rasa bakin ramawa.

Ta yaya za a gane ƙiyayyar da ta wuce dalilinta? Hanya ɗaya ce, a gwada ta da yadda aka yi wa wani mai irin laifin. John Kerry da Edwards da Joe Biden duka sun jefa irin ƙuri'ar da Clinton ta jefa kan Iraƙi. Jam'iyyar ta tsai da Kerry da Edwards a 2004, Obama da kansa ya ɗauki Biden mataimaki a watan Agusta 2008. Amma adalci ya wajabta a ƙara da cewa Edwards ya fito a 2005 ya ce ya yi kuskure, Clinton kuwa a duk tsawon takarar 2008 ta ƙi neman gafara. Ashe ke nan ko wannan ma'auni yana da ƙofar fita. Traister ta san haka, ba ta kuma tsaya a kan cewa raini kaɗai ne ya kayar da Clinton ba. Ta ɗora laifi mai yawa a kan masu ba ta shawara, musamman Mark Penn, waɗanda suka sa ta danne kasancewarta mace don ta yi kama da jarumi. Tarihin takarar ma ya nuna wasu dalilan: kuɗin yaƙin ya ƙare har sai da ta ranta wa kanta dala miliyan 5, kuma bayan babban zaɓen 5 ga Fabrairu Obama ya ci zaɓe 11 a jere. Wannan tsantseni na marubuciyar abin yabo ne, amma shi ne kuma ya nuna iyakar abin da littafi kan zaɓe ɗaya zai iya tabbatarwa.

5. Ciwon 'ya mace

Hausawa su kan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Sashe na biyu mai ƙarfi a littafin shi ne wanda ya nuna yadda wannan magana ta gaza a 2008. Ran 8 ga Janairu Gloria Steinem, ɗaya daga cikin jagororin neman 'yancin mata tun shekarun 1970, ta rubuta a jaridar New York Times cewa kasancewar mutum mace ya fi launin fata tauye shi a Amurka. Hujjarta ita ce an ba maza baƙar fata ƙuri'a a 1870, mata kuwa sai 1920. Mata baƙar fata da yawa suka fusata, a cikinsu har da Melissa Harris-Lacewell, malama a jami'ar Princeton a lokacin, wadda ta yi muhawara da ita bayan 'yan kwanaki. Amsarsu ita ce ƙuri'ar 1870 a jihohin kudu ta takarda ce kawai, an hana baƙar fata maza da mata amfani da ita sai bayan dokar 1965. Sa'an nan kuma in an ce a zaɓa tsakanin mace da baƙar fata, ina aka ajiye wadda ta haɗa duka biyun?

Faɗan ba sabo ba ne. A 1869 ma ƙawancen masu neman 'yancin mata da masu neman 'yancin baƙar fata ya tsage a kan wannan tambaya, Elizabeth Cady Stanton da Susan B. Anthony a gefe guda, Frederick Douglass a ɗaya gefen. A 1972 Shirley Chisholm, baƙar mace 'yar majalisar wakilai, ta nemi takarar jam'iyyar, ta tashi da ƙuri'un wakilai wajen 152, ba tare da shugabannin mata ko shugabannin baƙar fata sun tsaya mata gaba ɗaya ba. Traister ba ta ɓoye cewa ɓangaren Clinton yana da nasa habaicin ba, wanda ya ke taɓa launin fata. Bill Clinton ya kwatanta nasarar Obama a South Carolina da ta Jesse Jackson a shekarun 1980, watau dai nasarar da ba ta kai ko'ina. Geraldine Ferraro ta ce da Obama farar fata ne da bai kai inda ya ke ba, ta kuma bar kwamitin kuɗi na Clinton a watan Maris. Laifi tudu ne, kowane ɓangare ya taka nasa yana hangen na ɗan'uwansa.

Tsaga ta biyu ta shekaru ce. Iyaye mata da suka sha gwagwarmayar shekarun 1970 suna ganin 'ya'yansu butulu ne da suka bi Obama. 'Ya'yan kuwa suna ganin 'yancin da aka ƙwato musu ya haɗa da 'yancin zaɓen wanda suka ga dama. Traister, wadda ta ke cikin shekarunta na talatin a lokacin, ta tsaya tsakani tana jin bakin kowa, kuma a nan alƙalaminta ya fi tausayi.

6. Inda littafin ya yi rauni

Rauni na farko shi ne ƙarancin da'irar masu magana. Muryoyin da a ke ji galibi na marubuta ne da 'yan jarida da malaman jami'a da shugabannin ƙungiyoyi. Alhali kuwa ƙuri'u wajen miliyan 18 da Clinton ta ambata a jawabinta na sallamawa ran 7 ga Yuni, waɗanda ta kwatanta da tsagogi a jikin rufin gilashin da ke tare mata, da yawansu na ma'aikata ne da tsofaffin mata a jihohi irin su Ohio da Pennsylvania. Ana ganin waɗannan a littafin, amma ba safai a ke jin su ba. Saboda haka mai karatu ya kan rasa gane ko faɗan na masu ƙuri'a ne ko na masu sharhi.

Rauni na biyu na gini ne. Daga sa'ad da Sarah Palin ta shigo a ƙarshen Agusta 2008, a matsayin mataimakiyar ɗan takarar Rifablikan, labarin ya bar faɗan cikin gida ya koma kan masu barkwanci da masu gabatar da labarai a talabijin, irin su Tina Fey da Katie Couric. Babukan suna da daɗin karatu, amma zaren ya saki. Kuma daga cikinsu ne marubuciyar ta ɗebo fatanta, tana ganin tun da an yi shekara guda ana tattauna rainin mata a fili, ƙasar ta ƙetare wani rafi. A nan ne kuskuren ya ke. Abin da aka koya a 2008 shi ne hukunta zambo. Shi habaici, wanda ita da kanta ta nuna ya fi dafi, babu abin da ya taɓa shi.

7. Shaidar 2016 da 2020

A 2016 Clinton ta sake tsayawa, wannan karo da Bernie Sanders. Tun a watan Oktoba 2015 wani marubucin mujallar The Atlantic, Robinson Meyer, ya laƙaba wa wani nau'in samarin Sanders suna Berniebro, kuma siffar da ya zana ta yi kama ƙwarai da ta samarin da Traister ta bayyana shekara bakwai kafin nan. An zagi mata a intanet, kuma bayan taron jam'iyya na jihar Nevada a watan Mayu an yi wa shugabar jam'iyyar ta jihar barazana ta waya. Sanders ya ce a watan Fabrairu ba ya bukatar goyon bayan masu irin wannan hali. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa.

Sai dai 2016 ta ƙara wani darasi da babu shi sosai a littafin, watau zargin raini shi ma yana iya zama habaici. Laƙabin nan ya shafe ɗimbin 'yan matan da suka bi Sanders, kamar babu su. Ran 5 ga Fabrairu Steinem ta ce a talabijin 'yan mata suna bin Sanders ne don can samari su ke. Kashegari Madeleine Albright, tsohuwar ministar harkokin waje, ta ce a taron Clinton akwai wuri na musamman a wuta domin matan da ba su taimakon mata. Dukansu biyu sun janye daga baya, amma a zaɓen New Hampshire Sanders ya ci da kashi 60, Clinton tana da 38, kuma har a tsakanin mata shi ya yi rinjaye. Jihar da matanta suka cece ta a 2008 ke nan. Duk da haka ita ta ci takarar, ta kuma fi Donald Trump ƙuri'u kusan miliyan 3 a watan Nuwamba, amma ta faɗi a lissafin wakilan jihohi.

A 2016 maza da yawa su kan kāre kansu da cewa ba mace su ke ƙi ba, wannan macen ce. Da Elizabeth Warren ce da sun bi ta. A 2020 ga Warren ta tsaya, tare da wasu mata biyar. Ba ta jefa ƙuri'ar Iraƙi ba, gama sai 2013 ta shiga majalisa. Mijinta bai yi mulki ba. Da yaƙi da manyan bankuna ta yi suna. Ran 13 ga Janairu tashar CNN ta ba da labari cewa a wata ganawa ta 2018 Sanders ya ce mata mace ba za ta iya cin zaɓe ba. Ita ta ce an yi, shi ya ce ba a yi ba. Nan da nan aka cika shafinta na Twitter da hoton maciji, zagi ba tare da kalma ba. Amma babban abin da ya dame ta ya fi wannan laushi. Wata ƙididdiga da kamfanin Ipsos ya yi a watan Yuni 2019 ta nuna kashi 74 na 'yan Dimokurat da 'yan ba-ruwanmu sun ce ba su damu da mace ta shugabance su ba, amma kashi 33 kaɗai suka yi zaton maƙwabtansu za su yarda. Wannan shi ne habaici ya kai maƙura: mai ƙuri'a ya ƙi mace, ya ɗora wa maƙwabcinsa. Ran 5 ga Maris, da ta janye, aka tambaye ta ko raini ya taka rawa. Ta ce tambayar tarko ce: in ta ce i, a ce mai ƙorafi ce, in ta ce a'a, mata ba adadi su ce a wace duniya ta ke.

Lalle ita ma Warren tana da nata kurakuran, kamar gwajin asalin jini da ta yi a 2018, da tangal-tangal ɗin da ta yi kan hanyar biyan kuɗin shirinta na lafiya. Kullum dai a kan sami dalili, kuma dalilin ya kan zama na gaske. Sai an jera zaɓuɓɓukan uku sa'an nan a ga cewa dalilin yana canjawa, tambayar ko tana shiga rai, ko za a amince da ita, ko za ta iya ci, ba ta canjawa. A 2024 Kamala Harris ta sami takarar ne bayan Biden ya janye a watan Yuli, ba ta bi ta zaɓen jiha-jiha ba, don haka ba ta shiga wannan lissafi.

8. Kammalawa

Hukuncin da ya dace da littafin shi ne a karɓi shaidarsa a ajiye busharar da ke kan bangonsa. Da'awar cewa kome ya sake ba ta tsaya ba. Amma bayanin yadda raini ya ke shiga rigar hujja a tsakanin 'yan gida ɗaya ya fi ƙarfi yanzu bisa ga ran da aka rubuta shi, domin zaɓuɓɓuka biyu sun zo sun ba shi maimaicin da ya rasa. Ga malamin da ke koyar da nazarin magana, amfanin littafin shi ne misalai masu rana da wata da zai ba ɗalibai su rarrabe: wanne ne zambo, wanne ne habaici, wanne ne suka ta gaskiya, wanne ne kuma zargin da shi kansa habaici ne. Ɗalibin da ya yi wannan aiki zai gane cewa tambayar niyyar mai magana ba ta da amsa, gama mai ita ne kaɗai ya sani, wani lokaci ma shi bai sani ba. Abin da a ke iya bincikawa shi ne wa aka yi wa maganar, wa aka ƙyale alhali laifinsu ɗaya, kuma sau nawa aka maimaita.